Ciwo a Gaban Suruki

A shekararmu ta ƙarshe ta koyon aikin jinya aka tura mu, mu shida, wani asibiti da ke bakin hanyar Gusau zuwa Funtua, dab da Tsafe, domin mu yi wata shida muna koyon aiki da hannu. Tun ranar farko Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da ɗakin gaggawa, ta faɗa mana yadda abin zai kasance. Dukkanmu za mu yi sati huɗu a ɗakinta, daga nan ta zaɓi mutum ɗaya ta zauna da ita har ƙarshen wa'adi. Sauran za a raba su tsakanin ɗakin awo, ɗakin kati da ɗakin wankin miki.

Ni ba mai magana ba ce a cikin mutane. Amma a zuciyata na riga na ɗauki gurbin nan na ajiye. Ni ce ta ɗaya a ajinmu tun shekarar farko. Kullum da sassafe nakan shiga mota daga gidanmu da ke Damba, littafi a cinya, ba na ɗaga kai sai na ji kwandasta yana kiran Tsafe. Ina da ƙaramin littafin rubutu da na raba gida-gida da biro kala uku, kowane magani da adadinsa da illarsa. A cikin duk darussanmu babu wanda nake so kamar na rage zafin ciwo ga wanda ya ji rauni. An koya mana cewa a tambayi mara lafiya da kansa, daga sifili zuwa goma ciwonsa nawa ne, kuma abin da ya faɗa shi ne gaskiya, ba abin da ma'aikaci ya zata ba. Na ja wa wannan jimla layi har sau biyu. Har kati na yi da hannuna, na zana fuskoki shida daga mai murmushi zuwa mai kuka, na kai kasuwa aka manne mini shi da leda, saboda waɗanda ba su saba da lamba ba.

A cikinmu akwai wata 'yar Bungudu. Ajinmu ɗaya shekara uku, kuma rabin abin da ta ci jarrabawa da shi daga littafina ta kwafa. Lissafin magani sai da ta maimaita shi, ni na zaunar da ita sati biyu kafin ya shiga. Tana da dariya mai ƙarfi, aljihun farar rigarta kullum da gyaɗa, hijabinta kullum a ɗan karkace. Da aka kawo mu Tsafe sai ta sauka a gidan gwaggonta a cikin gari, kafin sati ya zagayo ta san masu gadi, ta san direban motar asibiti, ta san mai sayar da awara a bakin ƙofa da sunan 'ya'yanta. Sista ta riƙe sunanta tun rana ta biyu. Ni kuwa har muka shiga sati na uku "ke ɗaliba" take ce mini.

Ba zan ce ban so ta ba. Ba ta taɓa yi mini komai ba. Abin da ke cina shi ne yadda komai ke zo mata a sauƙaƙe. An taɓa kawo wata mata da injin niƙa ya yanke a hannu, tana ihu tana fizge-fizge. Ni ina tsaye ina tuna abin da littafi ya ce a fara yi, ita kuwa ta riga ta danne raunin da auduga, tana tambayar matar ko dawa ta kai niƙa ko masara, kuma wa ta bar wa garin. Matar ta tsaya tana ba ta amsa, har ta manta da ihun na ɗan lokaci. Na koma gida ranar nan na buɗe littafi na ga abin da ta yi yana ciki, har da sunansa na Turanci, wanda na tabbata ita ba ta sani ba. Wannan ya ƙara mini haushi.

Ranar da nake son ba da labarinta ta faɗo ranar kasuwa, cikin damina. Wajen sha biyu da rabi na rana aka shigo da mutum uku. Wata ƙaramar mota ce ta kauce wa rami ta kwashi ɗan kabu-kabu da fasinjansa. Ɗan kabu-kabun ya fashe a ka, jini ya rufe masa fuska, likita da Sista suka rufu a kansa. Direban motar ƙujewa ce kawai. Fasinjan kuwa, wani Bafulatani da ba zai wuce shekara talatin ba, aka shimfiɗe shi a gadon ƙarshe na jikin bango. Sista ta waigo, hannunta duk jini, idonta ya faɗa kaina.

"Ke ɗaliba, duba mini wancan. Ki auna komai, ki zo ki gaya mini."

Shi ne karo na farko da ta ba ni mara lafiya ni kaɗai. Na ji daɗi har cikin raina, musamman da na ga ta aiki 'yar Bungudu ɗakin ajiya ta kwaso katakon ɗaure karaya da bandeji.

Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. Ko wanda bai yi karatu ba zai gane, don ta lanƙwashe inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, ga kuma rauni a buɗe. Na rufe raunin da tsabtatacciyar auduga yadda aka koya mana. A ƙarshen gadon wani dattijo ne tsaye, siriri, da malafa da sanda. Shi ya biyo su daga kasuwa da ya ji labari. Ya ce da ba don ciwon ya buɗe ba, da wurin mai ɗori zai kai shi. Na rubuta a takarda: tare da mahaifinsa.

Na auna hawan jini, na rubuta. Na ƙirga bugun zuciya har minti ɗaya cur, ba rabin minti in ninka ba kamar yadda wasu ke yi. Ɗari da ashirin da huɗu. Na rubuta. Na rubuta cewa gumi ya jiƙa masa goshi da wuya, na rubuta cewa yatsun ƙafar suna da ɗumi. Sannan na fito da katina.

"Malam, sannu. Dubi nan. Wannan ba ya jin ciwo ko kaɗan, wannan na ƙarshe kuma ciwon ya kai maƙura. Kai wanne ne?"

Ya dubi katin, ya mayar da fuskarsa bango.

"Da sauƙi," ya ce.

"Nuna mini dai da yatsa."

"Alhamdu lillahi. Ba komai."

Dattijon ya gyara tsayuwa ya ce, "Ai ba wani abu ba ne, 'yata. Saniya ta taɓa yi masa takun da ya fi wannan."

Na sake matsa katin kusa da shi. Ya sako hannu ɗaya daga ƙarfen gadon da yake riƙe da shi, ya taɓa fuska ta biyu, mai ɗan murmushi, ya mayar da hannun da sauri. Na rubuta: biyu cikin goma. Na duba agogo na rubuta lokaci.

Na je na tsaya a bayan Sista har sai da ta lura da ni. Na karanta mata abin da ya fi muhimmanci a ganina: karaya, rauni a buɗe, jini ya tsaya, ciwo biyu cikin goma.

"Biyu?" ta ce, ba ta waigo ba. Tana riƙe da kan ɗan kabu-kabu, likita yana ɗinki.

"Haka ya ce da bakinsa, Sista."

"To, ya ɗan jira mu gama da wannan. Sai a ɗaure ƙafar a wuce da shi Gusau kafin la'asar."

Na koma na tsaya kusa da shi ina sake duba takardata ko na bar wani gurbi. Ban bari ba. A nan 'yar Bungudu ta iske ni, rungume da katako. Ta ajiye su a ƙasa, ta leƙa takardar ta kafaɗata, ta dubi mutumin, ta dubi dattijon. Ba ta fi numfashi uku tana kallonsu ba.

"Baffa, sannu da tsayuwa," ta ce, har da ɗan rusunawa. "Ɗanka ne?"

Dattijon ya kau da kai. "Yarinyar gidana ce a wurinsa."

"Allah sarki. To Baffa, ga shi an kusa kiran azahar. Masallaci na nan bayan ɗakin magani, akwai buta da ruwa. Ka tahi ka yi salla ka yi mashi addu'a, mu mun riƙe shi. In ka gama ka ɗan zauna inuwa, mu za mu aiko a kira ka."

Ta raka shi har bakin ƙofa tana yi masa wata magana da Fillanci, ban san me ta ce ba, na dai ga ya yi murmushi. Da ta dawo ta ja labule ta rufe gadon, ta matso kusa da kunnena.

"Ke, surukinshi ne hwa. Ba ki ga ko sau ɗaya bai dube shi ba? Ko ƙahwar za a cire ba zai ce uffan ba."

Na sani. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, na sani. Wa ya tashi a ƙasar nan bai san kunyar suruki ba, balle ta Fulani? A gidanmu ma mijin yayata ko ruwa ba ya sha a gaban babanmu. Amma ban taɓa haɗa wannan sanin da katina ba. Ɗaya yana gida, ɗaya yana littafi.

Ta durƙusa har kanta ya zo daidai da nasa, ta sassauta murya.

"Ya tahi. Ba kowa nan sai mu biyu, mu kuma ba mu san rugarku ba, ba wanda za mu gaya ma. Yaya ƙahwar?"

Ya dubi labulen. Ya jawo wuyan rigarsa ya cusa a baki ya cije, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ban taɓa jin irinsa daga babban mutum ba. Hawaye ya gangaro ya shige masa kunne. Da ya saki rigar, abin da ya ce kawai shi ne, "Ku taimake ni kafin ya dawo."

Ba ta tambaye shi lamba ba. Ta yaye labulen ta ɗaga murya tun daga inda take, abin da ni ko a mafarki ba zan iya ba.

"Sista! Wanga mutum wuta yake ci! Kunyar surukinshi ta hana shi hwaɗi!"

Likita ya ɗago kai, ya tambayi hawan jininsa da numfashinsa. Ni na amsa, don suna cikin takardata. Ya faɗi maganin da za a ba shi da adadinsa. Sista ta cire safar hannu, ta ciro makulli daga wuyanta ta buɗe ƙaramin kabad ɗin ƙarfe da ake kulle allurai masu ƙarfi a ciki. Ita da kanta ta sa masa a jijiya, a hankali, tana kallon ƙirjinsa. Ta ce wa 'yar Bungudu ta tsaya a kansa ta riƙa ƙirga numfashi. Ni ba ta ce mini komai ba, sai na duba agogo na rubuta lokacin a littafina, don hannuna ya saba. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin.

Bayan kamar minti goma yatsunsa suka saki ƙarfen gadon ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannunsa ya yi shatar ƙarfen, fari fat. Sai a lokacin aka taɓa ƙafar. Likita ya ja ta ya daidaita, aka jera katako aka naɗe. Ya yi nishi, amma bai cije riga ba. Ina tsaye ina miƙa bandeji ina tunanin yadda da za a yi wannan jan da biyu cikin goma ɗina, sannan a ɗora shi a mota ya sha ramukan hanya har Gusau.

Da aka kira dattijon ya tarar da shi kwance lumui, fuska a goge, don 'yar Bungudu ta share masa hawayen da jiƙaƙƙiyar auduga tun kafin ta aika. Ya dube shi ta gefen ido, ya dube mu.

"Ai na gaya muku ba shi da raki."

"Wallahi Baffa, jarumi ne," in ji ta. "Ko tari bai yi ba."

Sista ta ɗauki takardata ta karanta tun daga sama. Ta ɗan daɗe a kai.

"Bugun zuciya ɗari da ashirin da huɗu. Gumi. Duk kin gani, kin kuma rubuta, rubutu mai kyau ma. To me ya hana ki karanta abin da kika rubuta?"

Ba ta faɗa da faɗa ba, ta miƙo mini takardar ta wuce. Ya kamata a ce kunya na ji, ko tausayin mutumin da na bari kusan awa guda yana cin azaba. Na ji su daga baya, a mota. Amma a wannan lokacin abin da ya cika mini ƙirji daban ne. Ina kallon Sista ta dafa kafaɗar 'yar Bungudu tana ce mata ta rubuta takardar da za a tura shi da ita Gusau, na ji kamar an ɗauki abincina an ba wani a gabana. Shekara uku ina karatu, ita tana cin gyaɗa.

Ta rubuta takardar a tsaye, a kan gwiwarta. Da aka zo ɗaukarsa zuwa mota sai ta cusa mini ita a hannu.

"Riƙe min, ƙawata, in kama masu."

Na karanta, don ba na iya riƙe rubutu ban karanta ba. Ta sa sunan allurar. Ba ta sa adadin ba, ba ta sa lokacin ba. Na san abin da wannan ke nufi. In ya isa Gusau ciwo ya dawo, wanda zai karɓe shi ba zai san yaushe aka yi masa ba, ko nawa. Ko dai a ji tsoro a hana shi, ko a ƙara masa da wuri numfashinsa ya yi ƙasa. Kuskure ne na gaske, dole a gyara kafin motar ta tashi.

Tana tsaye taku uku daga inda nake, tana gyara masa matashi a cikin motar. Biro yana aljihuna, lokacin yana littafina. Da na taɓa ta na nuna mata da yatsa, da ta cike gurbin ba wanda ya sani. Na yi wannan tunanin sarai, ba zan ce ban yi ba. Sai na wuce ta, na nufi Sista inda take tsaye da likita da direba, na yi magana da muryar da ban san ina da ita ba.

"Sista, takardar nan ba lokacin allura, ba adadi. In aka tafi da ita haka za a iya ƙara masa."

Kowa ya waigo. Sista ta karɓa ta duba, fuskarta ta canza. Ta kira 'yar Bungudu ta yi mata faɗa sosai a gaban mutane, ta ce irin wannan sakacin ne ke kashe mara lafiya bayan an cece shi. Ta tambayi lokacin, na faɗa, ta rubuta da hannunta ta sa hannu. Motar ta tashi, dattijon a gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Na jira 'yar Bungudu ta ɓata rai. Na ma so ta ɓata, ko na samu abin riƙewa. Sai ta dafe goshi ta ce, "Wayyo ni, kaina kamar rariya! Allah ya saka maki da alheri, da na kashe bawan Allah." Ta zuba mini gyaɗa a hannu. Na riƙe ta har tasha ban ci ba.

Satin da ya rage na yi shi ina auna mu a zuciyata. Ta yi kuskure, na yi kuskure. Nata an yi mata faɗa a fili, nawa a hankali aka faɗa. Kuma ni na kama nata. Na fara zuwa kafin kowa, ina jera kayan aiki, ina goge abin da an riga an goge. Inna ta lura ba na cin abincin kirki, ta tambaye ni ko wani ya ɓata mini a wurin aiki. Na ce gajiyar hanya ce.

Ranar Juma'ar ƙarshen sati na huɗu Sista ta tara mu a ofishinta, ta karanta inda kowa zai koma. Ni ɗakin wankin miki. 'Yar Bungudu ɗakin gaggawa. Sauran suka yi mata barka, ni ma na yi, na ji muryata kamar ta wata.

Da suka fita na tsaya. Ban taɓa tambayar babba dalilin hukuncinsa ba, ranar ce farko. Ban ma iya haɗa tambayar ba, na dai ce, "Sista, takardar nan ta ranar..."

Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kin yi daidai da kika nuna. Ko da yake da ita kika nuna wa, da an gyara duk ɗaya." Ta mayar da tabaraunta. "Takarda ina iya duba ta bayan an rubuta. Gadon ƙarshe kuwa ba kullum nake kusa da shi ba. Je ki wankin miki. Can za ki daɗe da mutum ɗaya kullum, ki riƙa kallon fuskarsa in kina ɓare bandeji."

Ranar Litinin na fara a can. Ɗaki ne mai shiru, mai warin maganin wanke rauni, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin gaggawa. Duk motar da ta shigo da gudu ina jin ta, ina jin ƙarar gadon turawa da takun mutane, ni kuwa ina zaune da almakashi a kan mikin wani tsoho. Wajen azahar sai ga 'yar Bungudu ta leƙo, takarda a hannu, jini a bakin hannun rigarta.

"Ƙawata, duba min wagga kahin Sista ta gani."

Ta manta kwanan wata. Na nuna mata da yatsa, ta cike, ta fita da gudu. Washegari ta dawo da wata. Haka muka yi wata biyar. Ban taɓa barin kuskure ɗaya ya wuce a takardunta ba, ban kuma sake kai ko ɗaya gaban Sista ba. Amma duk ranar da ta tsaya a kaina tana haki, tana ba ni labarin wanda aka kawo da yadda suka yi da shi, sai in sunkuyar da kai kan takardar in daɗe ina neman abin gyara, ko da na riga na ga babu.